Shaidun Fagen Fama: Daga Kirimiya Zuwa Hiroshima

Malaman tarihi na Musulunci sun daɗe da sanin cewa babu labarin da ƙarya take saurin kutsawa cikinsa kamar labarin yaƙi. Ibn Khaldun, a cikin Muƙaddimar da ya rubuta a 1377, da ya zo lissafa sabubban da ke shigar da ƙarya cikin riwaya, sai ya fara da ta'assubanci, wato karkatar zuciyar mai ruwaya zuwa ga ɓangarensa, sannan ya ambaci yawan amincewa da wanda ya kawo labari ba tare da an auna shi ba, da kuma neman kusanci ga masu mulki ta hanyar yabo. Har ma ya tsaya ya yi wa Mas'udi raddi a kan mayaƙa 600,000 da ya jingina wa Banu Isra'ila, yana mai kafa hujja da cewa babu filin da zai ɗauki sahun runduna irin wannan. Duk wanda ya bi tarihin wakilan jaridu masu bin mayaƙa zuwa fagen fama, sana'ar da ba ta kai shekara ɗari biyu da kafuwa ba, zai tarar illolin nan uku suna biye da ita tun ranar sunanta, kuma a nawa ganin illar farko, wadda ta fi sauran ɓoyuwa, ta fi almakashin mai tace labari ɓarna nesa ba kusa ba.

Kafin wannan zamani, labarin yaƙi yana zuwa ne daga bakin wanda ya jagorance shi. Sarkin yaƙi ya aiko da wasiƙar bushara idan an yi galaba, ya jinkirta ko ya sassauta lafazi idan an sha kashi, jaridun Turai kuwa su cike gurbi da wasiƙun ƙananan hafsoshi, waɗanda kowannensu yana da shugaba a kansa da girman da yake fatan samu. A 1854, lokacin da Ingila da Faransa suka ɗaura wa Daular Usmaniyya ɗamara don yaƙar Rasha a yankin Kirimiya, editan jaridar The Times ta Landan, John Delane, ya tura wani ɗan ƙasar Ayalan mai suna William Howard Russell ya bi runduna, farar hula tsantsa, ba shi da muƙami, ba shi da kaso cikin abincin soja, ba kuma wanda ya san gurbin da za a ajiye shi. Manyan hafsoshi suka ɗauke shi ɗan leƙen asiri, har aka taɓa tumɓuke masa tanti aka yar bayan sansani. Wannan wulaƙanci shi ya zame masa alheri, domin wanda manya suka ƙi zama da shi, sai ya koma wurin kurata da ƙananan likitoci, ya ci abin da suke ci, ya ga abin da suke gani.

Abin da ya gani kuwa ya isa ya sa mai imani hawaye. Runduna ce da aka kai ƙasar sanyi ba tare da tanadi ba. A watan Nuwamba na 1854 guguwa ta nutsar da jirgin ruwan da ke ɗauke da tufafin hunturu a bakin tashar Balakalaba, aka bar mutane cikin ramuka da taɓo har gwiwa, sanye da rigunan da suka zo da su tun bazara. Ana raba wa soja ɗanyen gahawa wanda ba a soya ba, alhali ba shi da itacen da zai hura wuta balle turmin da zai daka shi. Amai da gudawa da atuni suka shiga sansani, ta yadda a ƙarshen lissafi kimanin kashi uku cikin huɗu na sojan Ingila da suka mutu a wannan yaƙi cuta ce ta kashe su, harsashin Rasha bai taɓa su ba. Russell ya rubuta waɗannan duka filla-filla, wasiƙunsa suna yin mako biyu ko fiye a hanya, abokin aikinsa Thomas Chenery kuma ya aiko da bayanin halin da majinyata suke ciki a asibitin Sukutari, daura da Istambul. Hankalin jama'ar Ingila ya tashi, aka tara gudummawa, aka tura Florence Nightingale da mata masu jinya, kuma a ƙarshen Janairu na 1855 gwamnatin Lord Aberdeen ta faɗi.

Adalci ya wajabta a ambaci hujjar ɗaya ɓangaren. Lord Raglan, wanda ke jagorantar rundunar, ya yi ƙorafin cewa wasiƙun nan suna bayyana inda aka girke igwa, da inda aka ajiye albarushi, da yawan marasa lafiya, kuma jaridar da aka buga a Landan tana isa hannun abokan gaba. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma shari'armu ma ta zargi masu gaggawar watsa labarin aminci ko na tsoro kafin a mayar da shi ga waɗanda suka san fassararsa. Sai dai tun daga ranar aka cuɗa abubuwa biyu da ya kamata a rarrabe: sirrin da ke kare ran soja, da sirrin da ke kare mutuncin wanda ya yi sakaci da ran soja. A Fabrairu na 1856 Janar Codrington ya ba da umarnin korar duk wakilin da ya buga abin da zai amfani abokan gaba, kuma da yake yaƙin ya riga ya zo ƙarshe umarnin bai yi aiki ba, amma shi ne tubalin da aka ɗora tace labarin yaƙi a kansa. Tun kafin haka ma an gwada wata dabarar mafi laushi, domin a 1855 Roger Fenton ya isa Kirimiya da keken dokinsa na wanke hoto, da yardar fadar sarauniya, ya ɗauko hotuna wajen 360 na hafsoshi cikin ado da tantuna a jere, babu gawa ko ɗaya a cikinsu.

Shekara arba'in da 'yan kai bayan haka sana'ar ta bunƙasa, wayar tangaraho ta gajarta tafiyar mako biyu ta koma ta yini guda, jaridun kwabo sun gano cewa babu hajar da ke tafiya kamar labarin jarumta a ƙasa mai nisa. A wannan yanayi aka gwabza a Karari, arewa da Umdurman a ƙasar Sudan, ranar 2 ga Satumba 1898, tsakanin rundunar Kitchener ta Ingila da Masar da Ansaru mabiya Halifa Abdullahi. Kafin azahar an kashe Ansaru kimanin 10,000 da igwa da bindiga mai jigida, ɓangaren Kitchener kuwa waɗanda aka kashe ba su kai mutum hamsin ba. Kitchener mutum ne mai tsananin ƙyamar 'yan jarida, har an ruwaito ya taɓa ratsa su a ƙofar tantinsa yana kiransu mashaya, amma duk da haka galibinsu yabonsa suka rera, kuma littafin da G. W. Steevens na Daily Mail ya fitar a kan tafiyar ya sami kasuwa ƙwarai. Mutum guda, Ernest Bennett, shi ya fito a wata mujalla a Janairu na 1899 ya ce an bi raunatattu a filin an ƙarasa su, wasu dubbai kuma an bar su cikin rana babu ruwa babu magani. Aka yi masa ca, aka tuhumi kishin ƙasarsa. Winston Churchill, wanda ya halarci yaƙin yana soja kuma yana aika wa Morning Post labari, ya rubuta wa mahaifiyarsa a asirce cewa kisan raunatattun ya ɓata nasarar kuma alhakin yana wuyan Kitchener, ya kuma soki rushe ƙubbar Mahadi da zubar da ƙasusuwansa cikin Nilu a bugun farko na littafinsa na 1899. Da aka sake buga littafin a taƙaice a 1902, lokacin ya shiga majalisa, yawancin wannan suka ta ɓace.

Abin da ya fi tsaya mini a rai game da Karari shi ne isnadin labarin. Duk ruwayoyin da suka zaga duniya ta waya a wannan mako, na mai yabo da na mai zargi, daga bayan bindiga aka rubuto su, babu ɗaya da ya fito daga gabanta. Mu ma a nan mun ɗanɗana irin wannan, domin faɗuwar Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, da ta Sakkwato a watan Maris, da shahadar Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yuli, da abin da aka yi wa mutanen Satiru a 1906, duk sun isa kunnen Turai ta cikin takardun Gwamna Lugga da hafsoshinsa, wato mai ƙara shi ne shaida, shi ne kuma mai rubuta hukunci. Ruwayar ɗaya ɓangaren ta tsira ne a bakunan tsofaffi, da takardun ajami, da zuriyar masu hijira da suka yada zango a Mai Wurno, bakin Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan.

Kitchener ɗin nan dai shi aka naɗa ministan yaƙi a Agusta na 1914, kuma bai manta ba. Cikin sa'o'in farko na yaƙin jirgin Ingila ya yanke wayoyin Jamus da ke ƙarƙashin teku, ta yadda mafi yawan labarin da zai tafi Amurka sai ya ratsa Landan. Majalisa ta zartar da dokar kare masarauta wadda ta haramta buga duk abin da zai amfani abokan gaba ko ya karya zuciyar jama'a. Aka hana kowane wakili kusantar fagen daga, aka naɗa wani hafsa, Kanar Swinton, ya riƙa rubuto labari da laƙabin Ganau, Kitchener yana dubawa kafin a saki. Waɗanda suka saci jiki suka tsallaka Faransa aka kama su, Philip Gibbs ma har an yi masa barazanar harbi idan ya dawo. A Faransa lamarin ya fi haka tsanani, jaridu suna fitowa da fararen gurabe inda almakashi ya bi, kuma da aka dakatar da jaridar ɗan siyasa Clemenceau mai suna Ɗan Adam Mai 'Yanci, sai ya sake fitar da ita da sunan Ɗan Adam Cikin Mari.

Amma hukuma ta lura cewa rufe ƙofa gaba ɗaya yana haifar da jita-jita, saboda haka a tsakiyar 1915 ta sauya salo, kuma wannan sabon salo shi ne ya cancanci a tsaya a dube shi da kyau. Aka zaɓi wakilai biyar, aka sa musu kakin hafsoshi da koren ƙyalle a damtse, aka ba su katafaren gida kusa da hedikwata, da motoci, da masu hidima, da hafsoshi masu rakiya waɗanda su ne kuma masu tace abin da suka rubuta. Da asuba su rarrabu, kowa ya nufi yankin da aka ba shi, ya hau tudu ya hangi hayaƙi, ya zanta da wanda aka gabatar masa. Da rana su dawo su haɗa abin da suka samo, kowa ya shiga ɗakinsa ya buga, mai tacewa yana jira a bakin ƙofa da shuɗin fensiri, da daddare kuma su zauna teburi guda da shi su ci abinci. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ba a daɗe ba fensirin ya rasa abin yi, domin mutanen nan sun riga sun san abin da ba a so, sun kuma ƙaunaci rundunar da suke zaune a cikinta ƙauna ta gaskiya, suna ganin cewa faɗin adadin matattu cin amanar waɗanda suka rage ne da zaluntar iyaye mata da ke jira a gida. Gibbs da kansa ya yi iƙirari daga baya cewa su ne masu tace kansu.

Natijar wannan ta bayyana ranar 1 ga Yuli 1916 a bakin kogin Somme. A wannan yini guda rundunar Ingila ta yi hasarar mutum 57,470 tsakanin matattu da raunatattu da ɓatattu, 19,240 daga cikinsu matattu, musibar da ba ta taɓa ganin irinta ba a tarihinta. Jaridun da suka fito a kwanakin da suka biyo baya kuwa suka ce an fara da sa'a, al'amura suna tafiya daidai. Mutanen garuruwan arewacin Ingila, inda samarin unguwa guda suka shiga bataliya guda, sun gane gaskiya ne daga jerin sunayen da ke ƙara tsawo kowace safiya da kuma yaron gidan waya da ke tsayawa ƙofa bayan ƙofa. Sojan da ke cikin rami ya karanta labarin yaƙin da shi ya yi, bai gane shi ba, daga nan ya daina gaskata jarida. A Disamba na 1917 Firayim Minista Lloyd George, bayan ya saurari Gibbs yana bayani a wata liyafa, ya faɗa wa C. P. Scott, editan Manchester Guardian, cewa da jama'a sun san haƙiƙanin abin da ke faruwa da gobe-gobe an tsayar da yaƙin, amma ba su sani ba kuma ba za a bari su sani ba. Bayan yaƙi aka yi wa wakilan nan sarautar Sir. Ɗaya daga cikinsu, William Beach Thomas na Daily Mail, ya rubuta daga baya cewa yana matuƙar jin kunyar abin da ya aika game da Somme, saboda ba gaskiya ba ne.

Ɓoye gaskiya rabin aikin ne. Ɗaya rabin shi ne ƙaga abin da zai hura wutar ƙiyayya. Sojan Jamus sun aikata ta'asa ta haƙiƙa a Beljiyam da arewacin Faransa a 1914, sun kashe farar hula kimanin 6,500, sun ƙone ɗakin littattafan jami'ar Luben, amma masu farfaganda ba su wadatu da wannan ba. A Afrilu na 1917 The Times da Daily Mail suka buga cewa Jamusawa suna da masana'anta inda suke narka gawawwakin sojansu su fitar da kitse. Asalin maganar wani ɗan rahoto ne a wata jaridar Balin game da wurin sarrafa dawakan da suka mutu, kuma kalmar Jamusancin da aka yi amfani da ita daidai take da mushe a harshenmu. Mai fassara ya mayar da mushe gawa, da wannan canji na kalma guda aka zaga duniya. Sai a Disamba na 1925 ministan harkokin waje Austen Chamberlain ya tsaya a majalisa ya amince cewa labarin ba shi da tushe. Diyyar wannan ƙarya wasu bayin Allah ne suka biya ta, domin a 1942, sa'ad da rahotannin gaskiya suka fara fitowa cewa Hitila yana hallaka Yahudawan Turai a sansanoni, mutane da yawa, har da jami'an gwamnati da editoci, suka tuna masana'antar gawa suka yi shakka.

Yaƙin Hitila ya zo da rediyo, farfaganda kuma ta sami ma'aikata sukutum a hannun ministansa Goebbels tun 1933. Italiya ta fara watsa shiri da Larabci daga Bari a 1934, BBC ta mayar da martani a Janairu na 1938, Balin ta biyo baya a 1939, kowa yana zawarcin kunnen Musulmi. A wannan guguwa aka haifi Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Janairu na 1939, Rupert East yana kula da ita, Malam Abubakar Imam yana edita, kuma daga cikin dalilan kafa ta akwai kashe raɗe-raɗin da ya bazu cewa za a miƙa Nijeriya ga Jamus. Ta yi wa gwamnatin mulkin mallaka hidimar yaƙi, babu musu, amma ta wannan ƙofa talakan Arewa ya saba da karanta labarin duniya da harshensa yana kuma aika wasiƙar kokensa. 'Ya'yanmu na runduna ta 81 da ta 82 da suka ratsa dazukan Kaladan da Arakan a ƙasar Bama ba su sami kaso mai yawa a jaridun Landan ba, cikakken labarinsu sai da suka dawo aka ji shi a zaure.

A ƙarshen wannan yaƙi an sake ganin mutum irin Russell. Ranar 2 ga Satumba 1945, yayin da ɗaruruwan wakilai suka taru a kan jirgin ruwan Missouri don kallon Japan tana sa hannu a takardar sallamawa, wani ɗan Ostareliya, Wilfred Burchett, ya shiga jirgin ƙasa shi kaɗai cikin sojan Japan da aka sallama, ya yi tafiyar kusan yini da kwana zuwa Hiroshima. Ya shiga asibitin da ya rage a tsaye, ya ga mutanen da ba su da ko ƙwarzane a ranar da bam ɗin atam ya faɗi, ga shi bayan wata guda gashin kansu yana zubewa, shuɗin tabo yana fito musu, jini yana zuba ta hanci da baki, likitoci suna yi musu allura naman wurin yana ruɓewa. Ya zauna a kan ɓaraguzai ya ɗora tafiretarsa ya buga, Daily Express ta fitar da labarin ranar 5 ga wata, ta kira abin annobar atam. Hukumar sojan Amurka ta kira taron manema labarai a Tokiyo ta ƙaryata shi, aka ce farfagandar Japan ce ta ruɗe shi, kyamararsa ta ɓace, aka kafa dokar tace jaridun ƙasar, aka kuma ƙwace fim ɗin da Japanawa suka ɗauka a garin aka kulle shi shekaru da dama. William Laurence na New York Times, wanda ya taimaka wajen musanta maganar tururin da ke kisa alhali yana karɓar albashi daga ma'aikatar yaƙi, shi ya sami lambar yabo ta Pulitzer a 1946.

A ƙarshen Agusta na 1946 mujallar New Yorker ta ba da dukan shafukanta ga John Hersey, wanda ya je Hiroshima ya zauna da mutum shida da suka tsira, likitoci biyu, da limaman Kirista biyu, da wata bazawara mai ɗinki da 'ya'ya uku, da wata budurwa ma'aikaciyar ofis, ya rubuta abin da kowannensu ya gani tun daga ƙarfe takwas da kwata na safiyar 6 ga Agusta. Mujallar ta ƙare a kasuwa cikin sa'o'i, aka karanta ta a rediyo dare huɗu a jere, aka fassara ta zuwa harsuna da yawa. Mutanen Hiroshima kuwa, waɗanda labarinsu ne, hukumar mamaya ba ta bari an buga musu shi da Japananci ba sai 1949.